Yadda na harhaɗa fitilar katako mai fuska 12

Tun farkon hunturun bana na ƙudurta cewa zan haɗa fitilar ɗakina da hannuna, kuma siffar da na zaɓa ita ce mai fuska 12, wadda kowace fuskarta ke da gefe 5 masu tsawo ɗaya. Tana cikin siffofi 5 da ake jingina wa Aflatun, masanin nan na ƙasar Girka, kuma tana da gaɓa 30 inda fuska ke haɗuwa da 'yar uwarta. Na zana ta a kwamfuta da manhajar Inkscape, na sa dagin Arewa a tsakiyar kowace fuska domin haske ya riƙa fita ta cikinsa. Da yake zaren dagi yana kewaye wasu filaye, sai da na bar 'yan siraran gadoji a cikin zanen, in ba haka ba tsakiyar za ta zube ƙasa da zarar an yanka.

Filawud ɗin na saye shi a Kasuwar Katako nan cikin Jos, a kan cewa kaurinsa milimita 3 ne, kuma da wannan adadi na zana ramukan da haƙoran mahaɗai za su shiga. Mahaɗin wani ɗan guntun katako ne mai kama da gwiwar hannu, an lanƙwasa zanensa a kan digiri 116.6, wato kusurwar da ke tsakanin kowace fuska da maƙwabciyarta. Da na kai zanen wurin mai na'urar yanka ta leza, sai ya ɗauko ma'aunin kauri ya matsa a bakin falankin, ya nuna mini 2.7. Ya ce, “Malam, ka bari mu yanka gwaji tukuna, domin ita ma wutar tana cin nata rabon.” Ni kuwa gaggawa ta hana ni sauraro, na ce ya yanka duka.

Abin da yake nufi shi ne, hasken leza ƙona katako yake yi, kuma duk inda ya bi yana cinye abin da ya kai kashi 1 ko 2 cikin 10 na milimita. Saboda haka ramin yana fitowa da faɗi fiye da yadda aka zana shi, haƙorin da zai shiga kuma ya riga ya gaza saboda falankin bai cika kauri ba. Da na isa gida na gwada, kowane mahaɗi sai ya shiga yana lilo kamar haƙorin tsoho. A gaɓa ɗaya wannan rata ba ta taka kara ta karya ba, amma idan ta taru a kewayen fuska 5 sai siffar ta ƙi rufuwa daidai. Dole na koma da sauran falankin, muka yanka wani ɗan tsefe mai ramuka daga 2.4 zuwa 3, muka gwada ɗaya bayan ɗaya, har muka tsaya a kan 2.6, wanda haƙori ke shiga cikinsa da ɗan dannawar babban yatsa. A ganina wannan tsefen ya fi duk sauran aikin muhimmanci, ga shi kuwa yankansa bai ci minti 2 ba.

Gefen da leza ta yanka yakan fito baƙi da toka mai shafa hannu, don haka na goge fuskokin da samfefa mai laushi, na bar bakin gefen da duhunsa saboda yana fito da siffar sosai.

Harhaɗawar tana da tsarinta. Na kwantar da fuskar sama a kan tebur, wadda na huda mata rami na kimanin milimita 40 domin mariƙin ƙwan lantarki, na kewaye ta da fuska 5, sai ta tashi kamar akushi. Sauran 5 ɗin na haɗa su zobe daban, sannan na kifa zoben a kan akushin, inda gaɓa 10 ke haɗuwa a karkace, sama da ƙasa, kamar haƙoran zarto. Na fara jera komai ba tare da gam ba, sai da na tabbata ya zauna sannan na riƙa cire mahaɗi ɗaya, in ɗiga masa farin gam na kafintoci, in mayar. Iskar hunturun Jos tana busar da gam da wuri, wanda ya shafa wa gaɓoɓi da yawa a lokaci guda zai tarar na farkon ya kama kafin ya daidaita na ƙarshe.

Fuska ta 12 ban saka ta ba. Ta nan hannuna ya shiga na danna mahaɗan ciki, ta nan zan riƙa canza ƙwai, kuma ta nan haske ke sauka a kan teburin karatu. Mahaɗai 25 ke nan suka shiga aiki, 5 suna cikin aljihun tebur.

Ƙwan kuma dole ya zama na LED, domin tsohon ƙwai mai zare yana zafin da bai dace a kulle shi cikin busasshen katako mai gam ba. Na fara sa mai farin gilashi, sai dagin ya bazu a bango dishi-dishi, da ƙyar ake gane shi. Da na canza zuwa ƙwai mai gilashi garau wanda haskensa ke fitowa daga ɗan ƙaramin wuri, sai zanen ya fito a bango da silin da kaifinsa, har gadojin nan da na yi ta ƙoƙarin sirantawa ana iya ƙirga su daga kan gado.