Abin da na koya wajen kula da faifan musayar zafi na wani ɗakin taro a Kano

Duk ginin da ke tara jama'a dole a riƙa shigo masa da sabuwar iska daga waje, a fitar da wadda mutane suka shaƙa. Matsalar ita ce, iskar da kake fitarwa ka riga ka kashe kuɗin wuta ko na dizal ka sanyaya ta, wadda kake shigowa da ita kuma a watan Afrilu na Kano tana iya kaiwa digiri 40. Wannan asarar ce faifan musayar zafi yake ragewa, kuma shi aka ba ni in kula da shi a babban ɗakin taro na wani otal, bayan masu wurin sun ce sanyi ya ragu amma shan dizal bai ragu ba.

Faifan yana cikin babban akwatin iska da ke kan rufin ginin. An yi shi da siririn alminiyam da aka naɗe, mai lanƙwasa, har ya zama dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Rabinsa yana cikin bututun iskar da ke shigowa, ɗaya rabin yana cikin na wadda ke fita, kuma iskokin biyu suna bi ta cikinsa ne gaba da gaba. Wani ƙaramin inji yana juya shi da bel, a hankali, wajen sau 20 a minti ɗaya. Idan ɓangare ya shiga gefen iskar waje sai ya sha zafinta, yana zagayowa gefen iskar ɗaki mai sanyi sai ya sauke mata zafin ta tafi da shi. Babu gas, babu kwamfireso. Dabarar ta daɗe: injiniyan Suwidin Fredrik Ljungström ne ya ƙirƙiro irinta a 1920, domin ɗumama iskar da ke shiga tukunyar tururi da zafin hayaƙin da ke fita.

Namu kuma ba zafi kaɗai yake ɗauka ba. An shafe ramukansa da sinadarin da ke tsotsar laima, dangin silika ɗin nan da ake sa wa a ƙaramar leda cikin kwalin sabon takalmi. Da damina, sa'ad da iskar waje ta cika da danshi, yana kwashe wani kaso na ruwan da ke cikinta ya miƙa wa iskar da ke fita. A ganina nan ne amfaninsa ya fi girma, domin tatse ruwa daga iska aiki ne mai cin wuta ƙwarai ga na'urar sanyaya ɗaki.

Da na buɗe akwatin, faifan yana juyawa lafiya lau, abin da ya sa yaran da ke wurin suka ce ba shi da matsala ke nan. Juyawa kuwa ba shaida ba ce. Shaidar tana wurin ma'aunin zafi. Ana auna iskar waje kafin faifan, a auna ta bayan ta wuce shi, a kuma auna iskar da ke dawowa daga ɗaki. Misali, in waje 40 ne, ɗaki 25, to tazarar 15 ce. Faifai mai lafiya yana cin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wannan tazarar, wato iskar ta fito a wajen 29. Abin da na samu ya yi nisa da haka, ko rabi bai kai ba.

Abu na farko da na gano shi ne bel ɗin ya saki, yana zamewa, faifan yana tafiya ƙasa da gudun da aka tsara masa. Na biyu, burushin da ke toshe gefensa da tsakiyarsa ya cinye, iska tana kewayewa ta gefe. Amma babban mai laifin ƙura ce. Filtar da ke gabansa ta yage tun cikin hunturu, hazo ya shiga ramukan. A ƙa'ida faifan yana share kansa, tunda iska tana sauya masa alkibla a kowane zagaye, busasshiyar ƙura takan fice ta inda ta shigo. Sai dai idan danshin damina ya same ta a ciki takan daskare ta zama laka, ta toshe ramukan, ta kuma rufe sinadarin tsotsar laimar.

Wani daga cikin yaran ya ce a ɗauko injin wankin mota a fesa masa. Na hana, domin ƙarfin ruwan yana lanƙwasa bakin alminiyam ɗin, kuma in ya lanƙwashe ba ya gyaruwa. Da injin zuƙar ƙura muka fara, sannan iska mai sauƙin ƙarfi, sannan ruwan ɗumi da ɗan sabulu kamar yadda takardar kamfanin ta yarda. Muka sa sabon bel, sabon burushi, da filta biyu a jere, mai kama manyan ƙura da mai kama ƙanana.

Saura batun wari, wanda ya fi ɗaukar mini lokaci. Tunda faifai ɗaya ne ke yawo tsakanin iskoki biyu, dole ɗan kaɗan na tsohuwar iska ya maƙale a ramukan ya tsallako. Saboda haka akwai wani ɗan yanki a kan iyakar ɓangarorin biyu, inda ake tura iskar waje ta kore abin da ya maƙale kafin ramukan su shiga gefen sabuwar iska. Wannan yankin ba ya aiki sai matsin iskar gefen shigowa ya fi na gefen fita, ta yadda duk yoyon da zai faru daga mai tsabta zai tafi zuwa mai datti. Na daidaita gudun fankokin biyu har ma'aunin matsi ya nuna haka. Na kuma roƙi masu otal ɗin kada su taɓa haɗa bututun kicin da wannan layin, don maiƙo yana kashe faifai. Haka nan iskar ɗakin gwaje-gwaje mai guba ko ta ɗakin killace marasa lafiya, ba a bi da ita ta irin wannan na'ura ko kaɗan.

Da hunturu ya zagayo sai wani darasin ya fito. Da asuba iskar waje ta fi ta ɗaki sanyi, in faifan ya ci gaba da juyawa ɗumama ta zai yi, na'urar sanyaya ɗaki ta dawo tana cire zafin da shi ya zuba. Muka saita kwamfutar akwatin ta tsayar da shi a irin wannan lokacin ta buɗe ƙofar kewaye, wadda iska ke bi ta gefe ba tare da ta ratsa faifan ba, amma ta riƙa motsa shi kaɗan lokaci-lokaci don kada ƙura ta taru a gefe ɗaya. Na bar wa mai gadin injinan littafi, duk mako ya rubuta zafin wuraren nan uku da matsin filta, in kason tazarar da faifan ke ci ya fara raguwa ya kira ni tun kafin masu taro su fara fifita da takarda.