Na ɗiga wa ƙwayoyin sankarar mama bitamin D

Aikin digirina na biyu a Jos kiwo ne, sai dai kiwon ƙwayoyin sankarar mama a faranti. MCF-7 ake kiransu. An samo su a jikin wata mata mai shekara 69 a Detroit ta Amurka a 1970, kuma har yau tsatsonsu ake rabawa ɗakunan gwaji. Ba ruwansu da sanyin Jos, sai akwatin ɗumi mai awon zafi 37, shi ya sa da an ɗauke wuta muke rugawa wurin janareto.

Ba ƙwayar kemis muke zuba musu ba. Bitamin D ɗin da fata ke haɗawa a rana sai hanta ta juya shi, ƙoda ta sake juyawa, sannan ya zama kalsitiriyol mai aiki. Shi nake ɗigawa, kwalbarsa nannaɗe da takardar alminiyum don haske na lalata shi.

Bayan 'yan kwanaki, tun daga launin ruwan nake gane bambanci. Farantin da ban taɓa ba ya tashi daga ja ya nufi rawaya, ƙwayoyi sun cika sun gurɓata abincinsu. Ɗayan kuwa yana nan ja, a madubin likita sai filaye tsakanin ƙwayoyin. Kalsitiriyol na kama makarɓinsa, VDR, ya ɗaga sunadaran p21 da p27 masu taka wa rabuwa birki, wasu ƙwayoyin ma su mutu. Amma sankara ba ta zama haka kawai: tana ƙara CYP24A1 mai farfasa sinadarin. MDA-MB-231 kuwa, wani irin ƙwayoyin sankarar mama da ba ya jin maganin homon, da ƙyar ya nuna ya san an zuba masa wani abu.

Goggona ta ji labari ta ce, “'Yar nan, to a saya wa maƙwabciyata mana, ƙullutu gare ta a nono.”

Na ce, “Goggo, asibiti za a kai ta, a cikin makon nan.” Abin da nake zubawa ya ninka na cikin jinin mutum kusan sau dubu, a jiki sai kalsiyam ya hau ya taɓa ƙoda. Kuma gwajin VITAL da aka fitar a 2018, na mutum 25,871 a Amurka, an ba rabinsu awo 2,000 na bitamin D kullum, bai nuna raguwar kamuwa da sankara ba.