Jakar da ke magana da jakar da ke shiru

Sana'ata ɗinkin jakar hannu ta mata, kuma da fata muke aiki. Ƙaramin kamfani ne, ni da 'yan ma'aikata kaɗan: mai yanka, masu ɗinki, da wadda ke kula da gefe da ƙarafa. Muna karɓar gyara, kuma ta nan ne na fi sanin cikin jakunkunan manyan kamfanoni, domin jaka ba ta ɓoye wa mai farke ta komai.

Masu saye iri biyu ne suka fi zuwa mana. Wata za ta ɗauki jaka ta jujjuya, ta yaba, sannan ta ce, "To ina sunan?" Wata kuma tun kafin a yanka fata za ta ja kunne: "Don Allah kada ku buga komai a waje." Dukansu kuɗinsu suka kawo, dukansu kuma sun san abin da suke nema.

Mutane da yawa ba su san cewa tambarin da ya fi kowanne shahara a wannan harka don kariya aka ƙirƙire shi ba. Louis Vuitton ya buɗe shagonsa na akwatunan tafiya a Paris a 1854. Masu kwaikwayo suka addabi gidan, sai ɗansa Georges ya fito da zanen nan na haruffan L da V tare da furanni a 1896, don mai saye ya bambance na gaske da jabu. Yau ga shi wannan zanen yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya. Jikin irin wannan jakar ma ba fata ba ne, yadin auduga ne mai kauri da aka shafe da wani nau'in roba, fatar tana hannu da gefuna. Kaya ne mai kyau, ba shi da nauyi, ruwa ba ya saurin ratsa shi. Amma duk wanda ya taɓa yin lissafin kayan aiki ya san cewa babban kaso na kuɗin, sunan ake biya.

Ban ga laifin mai son tambari ba, kuma ba na jin daɗin yadda wasu abokan sana'a ke yi mata kallon marar wayewa. Wanda ke tsaye a ɗaya ƙarshen ɗaki ba ya ganin ɗinki, ba ya jin laushin fata, haruffa kawai yake iya karantawa. Macen da ta daɗe tana tara kuɗi don ta sayi jaka ɗaya tak mai tsada tana da haƙƙin son a gane abin da ta riƙe. Tun a 1899 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Thorstein Veblen, ya yi bayanin yadda mutane ke sayen kaya don a ga ƙarfin aljihunsu, kuma abin bai canza ba. Akwai ma dalilan da ba na nuna isa ba. Wadda ba ta san fata ba, sunan kamfani ne ke ba ta kwanciyar hankali cewa ba a cuce ta ba. Mai sayen kyauta yana son wadda ya ba ta fahimci darajar abin ba tare da ya buɗe baki ba. Jaka mai sanannen suna kuma ta fi sauƙin sake sayarwa idan buƙata ta taso.

Ita kuma jakar da ke shiru, kada a ɗauka ba ta magana. Tana yi, da mutane ƙalilan ne kawai. Kamfanin Bottega Veneta, wanda aka kafa a Vicenza ta ƙasar Italiya a 1966, ya yi suna da saƙar siraran fata ba tare da rubuta komai a jikin jaka ba, amma wanda ya sani yana hango saƙar ya gane. Hermès ya fara ne a 1837 da kayan doki, linzami da makamantansu, kuma jakarsa Birkin ɗan ƙaramin hatimi kawai take da shi, wanda murfi ke rufewa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 ya duba jakunkunan Gucci da Louis Vuitton, ya gano cewa galibi masu babban tambari sun fi araha, masu ɓoyayyen tambari sun fi tsada, kuma masu yin jabu sun fi kwaikwayon masu babban tambarin. Wannan ya dace da abin da nake gani a teburin gyara.

Idan babu suna a waje, aikin ne zai tsaya wa kansa, kuma a nan ƙaramin kamfani irin namu ke rayuwa ko ya mutu. Abin yana farawa daga fata. Mafi kyau ita ce wadda aka bar fuskarta yadda take, ana ganin ƙananan ramukan gashi, wani lokaci har da ɗan tabo. Tana tsufa da kyau, tana ƙara duhu da sheƙi a wuraren da hannu ke taɓawa. Wata kuma an kankare fuskarta don ɓoye aibi, an shafa mata fenti mai kauri an buga zane. Ranar saye ita ta fi ɗaukar ido, bayan 'yan shekaru sai ta fara tsagewa a wurin lanƙwasa. Jima ma iri biyu ce: ta ɓawon itace tana ɗaukar makonni, tana ba da fata mai tauri da ke riƙe siffa, ta sinadarin kurom kuwa tana ƙarewa cikin kwana ɗaya ko biyu, fatarta ta fi laushi da karɓar launi. Kowacce da wurinta. Mai yanka nagari ya san fatar gadon baya ta fi ƙarfi, ta ciki tana miƙewa, don haka ba zai taɓa fitar da hannun jaka daga ciki ba ko da hakan zai rage asara.

Sai ɗinki. Irin na masu sirdi muke yi a wuraren da nauyi ke taruwa: a huda ramuka da basilla, zare ɗaya mai kakin zuma, allura biyu, kowacce ta bi ta rami ɗaya daga ɓangarenta. Idan zare ya tsinke a wuri guda, ɗaya ɓangaren yana riƙe. Ɗinkin keke kuwa idan ya tsinke yana iya warwarewa. Ba na cewa keke ba shi da amfani, muna amfani da shi a shafin ciki da dogayen layuka, amma inda hannu ya haɗu da jiki ban yarda da shi ba.

Gefe ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne mai saye ta fi mantawa da dubawa. A rage kaurin bakin fata, a haɗa, a goge, a shafa fenti, a bari ya bushe, a sake gogewa, a sake shafawa, har sai yatsa ya bi bai ji inda fata biyu suka haɗu ba. Ƙarafa ma haka: tagulla zalla tana dusashewa amma ana goge ta ta dawo, ƙarfe mai araha da aka yi wa ruwan zinariya kuwa idan ya kwaile shi ke nan.

Matsalarmu ita ce duk wannan ba ya fitowa sosai a hoton waya, alhali yawancin masu saye a hoto suke fara ganin kaya. Babban kamfani zai iya yin shiru domin duniya ta riga ta san muryarsa. Mu idan muka yi shiru gaba ɗaya, sai mu ɓace cikin dubban jakunkuna masu kama da juna. Abin da na koya daga manyan shi ne alama ba lallai ta zama haruffa ba. Gucci ya fito da hannun gora a 1947, lokacin da kayan aiki suka yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har yau da shi ake gane jakar. Jakar Chanel ta 1955 da ɗinkin murabba'i da sarƙar rataye ake saninta. Don haka muka tsaya a kan siffar hannu guda da launin gefe guda, ba ma canza su, sunanmu kuma ƙarami ne a ciki kusa da aljihu.

Akwai aiki ɗaya da ba ma karɓa. Lokaci-lokaci wata kan ce mu ɗinka mata jaka mu manna tambarin wani babban kamfani. Nakan ce mata, "Hajiya, doka ta hana, kuma ko ba doka, sunan nan wasu ne suka yi shekara fiye da ɗari suna gina shi." Idan tana son haruffa, sai mu buga na sunanta a cikin murfi. Wasu sukan tafi, wasu sukan zauna mu zaɓi fata. Wadda ta zauna, kafin ta biya nakan sa ta buɗe jakar ta leƙa kusurwoyin ciki, ta ja zik sau da yawa, ta bi gefe da yatsa, ta cika ta da kayanta ta ɗaga, ta duba ko ɗinkin hannun ya motsa.