Farar takardar da na manna wa fayil

Da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta janye yajin aiki a watan Oktoban 2022, bayan wata 8 azuzuwa na kulle, sai aka ɗora mini aikin jami'in jarrabawa na sashenmu, a wata jami'ar gwamnati a nan Kaduna. Abin da na tarar ya hana ni barci. Yaran da suka gama tuni suna zaune a gida, sa'o'insu na tafiya bautar ƙasa, su kuwa sakamakonsu bai ma isa gaban majalisar jami'a ba.

Kowa ka tambaya, sai ya ce rashin kuɗi ne. Kuɗi kam sun yi kaɗan, amma na so in gani da idona. Sai na manna farar takarda a bayan fayil ɗaya na sakamakon jarrabawa, na roƙi duk wanda ya karɓa ya rubuta ranar shigowarsa da ranar fitarsa. Da ya dawo hannuna, na ga ainihin aikin bai wuce na 'yan kwanaki ba. Sauran lokacin duk kwanciya yake yi a kan tebur, yana jiran sa hannun wanda ya yi tafiya, ko zaman kwamitin da ba a sa wa rana ba.

Na kai wa shugaban sashe takardar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, gyaran wannan ai ko kwabo ba ya ci." Muka tsayar da ranar miƙa maki tun farkon zango, kowane kwas muka rubuta mai alhakinsa, wanda zai yi tafiya kuma ya bar wakili a rubuce.

Sai na yi garaje. Na liƙa sunayen waɗanda suka makara a allon sanarwa, ciki har da dattijon da ya koyar da ni. Bai ce uffan ba. Daga baya na gane ajinsa ne mafi yawan ɗalibai, kuma shi kaɗai yake duba takardun. Ranar na auna, ban auna nauyin da ke kansa ba.

Na cire takardar, na same shi a ofis na ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi kuskure." Muka haɗa shi da ƙananan malamai biyu. A zangon da ya biyo baya, makinsa ne ya fara isowa teburina.