Wa ke da abin da ke cikin jerin?

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, musamman ku da kuke samun aiki a ƙananan ofisoshin kula da alhazai a nan Makka da Jidda, inda za ku iya tarar da tsohuwar manhajar da aka rubuta da yaren Delphi tana riƙe da rajista: kafin ku zuba wani abu cikin jeri (wato list, inda manhaja ke jera abubuwa), ku tantance wanda zai share shi daga ƙwaƙwalwar kwamfuta. Delphi ba shi da mai bin bayanku yana kwashe shara kamar Java ko C#. Abin da aka ƙirƙira da Create sai an kira masa Free, kuma sau ɗaya tak.

Tun Delphi 2009 ake da jerin da ke karɓar kowane irin abu. Biyu daga ciki suna kama da juna, amma hali ya sha bamban. TList<T> ajiya kawai yake yi, ba ruwansa da sharewa. Shi kuwa TObjectList<T> duk abin da aka ba shi nasa ne, domin OwnsObjects, saitin da ke ba jeri mallakar abin da ke cikinsa, a kunne yake zuwa sai in kai ka kashe shi. Ka kira Remove, Delete ko Clear, ko ka rushe jerin, abin ya tafi ke nan.

A nan na sha kashi. Na yi babban jeri na dukan alhazan wani masauki, na kuma yi ƙananan jeri na kowace mota mai zuwa Mina, duka da TObjectList. Alhaji ɗaya, jeri biyu, kowane na ganin shi ne mai shi. Da mota ta cika aka rufe shafinta, sai ƙaramin jerin ya share mutanensa, babban kuma ya ci gaba da nuna gurbin da ba kowa. Abin haushin, manhajar ba ta faɗi nan take ba. Sai can an zo buga takardar ɗakuna ta tsaya cak, ni kuma na duƙufa ina binciken sashen bugawa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da na gano, tsoro ya sa na kashe OwnsObjects ko'ina. Faɗuwa ta daina, sai yoyo ya fara: ba mai share komai, ƙwaƙwalwa na ta cika har kwamfutar ta koma jan ƙafa. An gudu ba a tsira ba.

Abin da nake yi yanzu: jeri ɗaya ne mai mallaka, sauran duk masu aro ne, da TList nake yin su, kuma nakan rubuta hakan kusa da sunansu saboda wanda zai gaje ni. In za a mayar da abu daga wannan mai mallaka zuwa wancan, Extract ake kira, shi yana cirewa ba ya sharewa. A TObjectDictionary kuwa, wato ma'ajiyar da ke haɗa kowane maɓalli (key) da abin da ya ƙunsa (value), kai za ka faɗa da bakinka abin da zai mallaka, doOwnsKeys ko doOwnsValues ko duka biyun.

Masu C++ kada ku yi dariya, vector mai ɗauke da tsiraran manuni (raw pointers) ba ya share abin da suke nunawa. Tun 2011 aka ba ku unique_ptr don wannan. Ku kuma 'yan Delphi, ku sa ReportMemoryLeaksOnShutdown ya zama True tun ranar farko, duk lokacin da aka rufe manhajar zai lissafa muku abin da kuka bari ba a share ba.