Asabar ɗin da muka koma gidan Gwale

Bayan sallar asuba, tun motar kaya ba ta iso ba, na isa gidan da bokiti biyu da tocila. Wata huɗu ana aiki: an sauke tsohon kwano an ɗora sabo, an yi wa bango sabon yaɓe, an sa tayil a ɗakuna uku da falo, an ja sabbin wayoyin wuta. Duk wanda ya leƙo sai ya ce tubarkalla. Ni dai ruwa nake so in ga yadda zai bi, kuma gwajin ya fi sauƙi tun ɗakuna na wayam.

Na fara da banɗakin Hajiya. Na sheƙa bokiti guda daga bakin ƙofa na tsaya ina kallo. Ruwan ya nufi magudana, amma wajen kofi biyu suka kwanta a kusurwar bayan ƙofa. Gangaren da ake so a banɗaki shi ne santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, kuma ya kasance kowane ɓangare ya karkata zuwa ramin. Mai tayil ya ba tsakiya gangare, ya bar gefe a miƙe. Ga tsohuwa mai alwala sau biyar a rana wannan ba ƙaramin abu ba ne, santsi ne ke jiran ta. Tayil huɗu za a ɓalle a sake ɗora su. Na kira shi, ya ce Litinin. Kafin nan mun shimfiɗa tabarmar roba a wurin.

Daga nan na bi ɗakunan ina ƙwanƙwasa tayil da makulli. Wanda ya kama sosai ƙararsa a toshe take, wanda ke da rami a ƙasa kuwa sai ya amsa kamar ƙwarya. Na sami shida a falo, na yi musu alama da alli don kada ƙafar kujera ko ta gado ta hau kansu. Dalilin sananne ne: an ɗiga siminti a kusurwa huɗu maimakon a baje shi ya cika bayan tayil ɗin.

Tankin lita 1,000 ne, in ya cika nauyin ruwansa kaɗai tan guda, shi ya sa na hana a ɗora shi a kan tsohon soro, aka yi masa ƙafafun ƙarfe. Da muka cika shi, kafin a buɗe famfo sai da na kwance 'yar ragar da ke bakin kowane kai. Sabon bututu ba ya rasa yashi da ɓurɓushin roba, su ne ke toshe ragar mutum ya ɗauka ruwa ne ba ƙarfi. Minti biyar ruwan ya yi yana zuba kafin ya washe. Haɗi ɗaya a ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana ɗiga, zaren roba ne bai isa ba, aka ƙara nan take.

Akori-kura ta iso ƙarfe tara. Lungunmu ba ya ɗaukar mota, don haka 'yan dako huɗu suka riƙa shigowa da kaya daga bakin titi. Na ce a fara da na ɗakin can ƙurya, gadaje da sif, sannan a dawo baya-baya, kayan kicin su zo ƙarshe. In aka cika tsakar gida da kwanuka da buhuna tun farko, babu ta inda gado zai juya.

A nan ne muka gane abin da babu wanda ya lissafa. Tayil da simintinsa sun ɗaga ƙasa da kusan santimita huɗu, ƙofar ɗakin Yaya kuma tsohuwa ce aka mayar. An rage gindinta ta daina gogar ƙasa, amma tsayin mashigar ya ragu, sif ya ƙi shiga a tsaye. Kafinta ya kwance kansa da ƙafafunsa, aka haɗa a ciki. Awa guda ta tafi a nan.

Na ja kunnen yara kada a manna komai da bangon gabas na ɗakin Hajiya. Tsohon bango ne, yana jan danshi daga ƙasa, kuma sati uku kacal da yin yaɓensa aka shafa fenti. Mun bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da sif don iska ta ratsa. In farin gishiri ya fito a gindinsa da damina, a kankare a bari ya bushe tukuna, ƙarin fenti a kan danshi kumbura zai yi ya ɓare.

Firji ya sha kwanciya a mota, sai muka bar shi a tsaye har la'asar kafin a jona, don man injinsa ya koma mazauninsa. Da aka kawo wuta na bi soket-soket da cajar waya, biyu ba sa kawowa. Mai wayarin ya buɗe, waya ce ta zame daga ƙusa. Na kuma sa ya rubuta sunan kowane ɗaki a jikin makunninsa a akwatin wuta, don ranar da wani abu ya taso cikin dare.

Bayan la'asar malamai suka yi sauka a zaure, aka raba waina da kunu har maƙwabta. Mata suka yi ta shigowa: "Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya sa an shiga a sa'a." Hajiya ta sa garwashi a kasko ta bi ɗakuna da turaren wuta, duk da haka warin fenti bai kwanta ba, tagogi a buɗe za mu kwana, da gidan sauro.

Saura indararon bayan kicin. Bakinsa gindin katanga yake kallo, kuma da yamma na ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Gobe da safe za a ƙara masa bututu ya kai kwata.