Inda ake sassarfa a Sakkwato

Zafi ne ke tsara wa mai gudu lokaci a Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40 da rana, don haka a fita bayan sallar asuba, a dawo kafin ƙarfe 7.

Hanya mafi daɗi ita ce ta mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wajen Dundaye. In ka hau gadar kogin Rima, ga fadama hagu da dama, masu noman rani suna ba albasa ruwa, iska kuma mai sanyi. Sai dai gefen titin ba faɗi. Ka bi ɓangaren da kake fuskantar motoci, ka cire abin kunne, don 'yan kabu-kabu ba sa jira. Da damina ƙasar gefen tana santsi.

Sabon shiga ya fara da zagayen filin wasa na Giginya, minti 20, yana haɗa gudu da tafiya. Titin Kalambaina kuwa a bar wa tireloli, ƙurar siminti ta ishe su.

Ka sha ruwa kofi biyu kafin fita. In hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya haƙura ranar.